Neman Fatoma

Kakana Jatau, ranar da ya sauka Agege
da ƙurar jirgin ƙasa a gemunsa,
bai tambayi farashin goro ba.
Fatoma ya fara nema.
Ya ce ciniki na gobe ne,
amma kwanan kaya na yau ne;
kafin ka ƙirga huhu,
san hannun da zai riƙe maka makulli.

Ni jikarsa, kilishi nake yi
a bayan mayankar Oko-Oba.
Ba ni da rumfa a bakin titi,
shafina na intanet shi ne rumfata.
Ashe shi ma baƙo ne, sai an ba shi masauki
cikin wata na'ura da ba ta barci,
a gidan wanda ban taɓa ganin idonsa ba.

Na farko, don araha na ɗauke shi,
kuɗin wata bai kai malmala uku ta amala ba.
Na manta araha ba ta ado.
Jajibirin ƙaramar Salla
masu saye suka taru a ƙofa lokaci guda,
ƙofa ta cije.
Shafi ya yi fari fat
kamar asabarin da ba a shanya wa nama ba.
Na buga waya, ta yi ta kuka ita kaɗai.
Amsa ba ta zo ba sai da aka cinye tuwon Salla,
aka wanke tukwane, aka kife:
hotunana, sunayen masu sayena
tun daga Lekki har Ikorodu,
wai a yi haƙuri, ba su ajiye kwafi ba.

Na yi haƙurin. Na hau danfo zuwa Ikeja,
na zauna a bencin Gbenga mai gyaran kwamfuta,
yana jero mini sunayen kamfanoni,
ni kuwa ina jero tambayoyin Jatau.

In an ɗauke wuta,
janaretonku na tashi kafin a ce kash?
In ruwan Yuli ya ci titi ya shigo ɗaki,
ina rumbu na biyu, a wace unguwa,
kuma kullum ake zuba masa, ko sai an tuna?
Ɗan kwaɗon nan da ke rataye a goshin adireshi,
mai hana ɓarawo leƙa katin mai saye,
yana cikin haya, ko shi ma da nasa kuɗin?

Mu nawa ne a tsakar gidan?
Na zauna gidan haya a Idi-Araba,
na san yadda bikin maƙwabci
ke hana ka hanyar ɗakinka.

Kuɗin bana na gani. Na baɗi fa?
Mai gidan Legas, shekarar fari murmushi,
ta biyu takarda a ƙarƙashin ƙofa.
Da naira za mu yi, ko sai dala ta yi atishawa
ni in kwana da mura?

Sai wadda ta sa Gbenga ya ajiye sukundireba:
ranar da zan tashi,
sunan da ke kan ƙofa nawa ne ko nasu?
Zan fita da kayana a kai,
ko sai na bar tabarma jingina?

Uku suka rage a takardata.
Na jira dare ya raba,
ƙarfe biyu, har masu suya sun kashe wuta,
na buga musu ɗaya bayan ɗaya.
Na farko shiru.
Na biyu na'ura ce, ta ce in danna tara.
Na uku, wata yarinya ta ɗauka,
da ragowar hamma a muryarta:
"Morenike ce. Me ya lalace?"

Na ce babu abin da ya lalace, 'yata.
Kakana ne ya aiko ni
in ga ko akwai mai tsaron ƙofa.